Kafin Ka Hau Bukuru da Tsohon Tarago

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Takardar nan ta fito daga hannun mahaifinka, Jibrin kafinta na Tudun Wada, zuwa ga ɗana Habibu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina gaida matarka Rakiya, ina shafa kan jaririyarku Safiya. Innarka ma tana gaishe ku. Allah ya sa takardar ta same ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, amin.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, ka san hanyar gidan in kana son labarinsa. Na yi rubutu ne saboda magana ta gagara tsakaninmu. Ranar da ka sa mota ta jawo taragon nan ƙofar gidana, maƙwabta duk sun fito kallo, na buɗe baki zan yi magana ka katse ni a gaban mutane. Ka ce, "Baba, wannan ba irin aikinku na da ba ne. Ɗakin Turawa ne, a Ingila aka ƙera shi." Tanko dillali, wanda ya sayar maka da shi, yana gefe yana murmushi, ya ƙara da cewa, "Malam Jibrin, ai ko ɗigon ruwa ba ya shiga." Na koma zaure, don ba na musu da ɗana a bakin hanya. Amma raina ya ɓaci ranar, kuma har yau bai huce ba. Takarda dai ba ka iya katse ta. Ka karanta ta har ƙarshe.

Na san niyyarka, kuma ban ƙi ta ba. Kana so ka lodi gishiri da yadi da kananzir ka hau dutse, wato ƙasar tudun nan ta ma'adinai, ka riƙa bin sansanin masu haƙar kuza daga Bukuru zuwa Barikin Ladi kana ciniki, kai da iyalinka kuna kwana cikin taragon duk inda kuka yada zango. Neman halali ne, Allah ya sa albarka. Abin da ya ɓata mini rai shi ne za ka ɗauki mace mai shayarwa da jaririyar da ko zama ba ta fara ba, ka kai su ƙasar da ba ka taɓa yin ɗari a cikinta ba, a cikin akwatin da ba ka san komai nasa ba sai launin fentinsa.

Ni na san shi. Tun kafin motar ta tsaya na gane shi, ko da yake an shafe shi da koren fenti, an cire masa ƙafafun ƙarfe an sa na roba. Matakin ƙofarsa da ka taka kana yi wa mutane bayani, ni na sassaƙa shi da itacen maɗaci lokacin kana yaro ƙarami, ko allo ba a saya maka ba.

A shekarun da aka gama shimfiɗa ƙaramin layin dogo zuwa dutse, wani Bature mai neman kuza ya ɗauke ni aikin kafinta. Mai Lofe muke ce masa, don ba a ganin bakinsa ba lofe. Na tafi da ƙanena Salihu, baffanka, wanda ba ka san shi ba sai a suna. Salihu saurayi ne a lokacin, ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya, an sa ranar aurensa bayan girbi mai zuwa. Shi ke riƙe mini katako, shi ke jan ɗaya gefen babban zarto. Taragon nan a lokacin shanu ke jansa daga wani wurin haƙa zuwa wani. Mutane suna ce masa tarago, ko da yake bai taɓa hawa layin dogo ba. Mai Lofe ne yake kwana a ciki da farko. Da ɗari ya shigo bai daɗe ba ya sa aka gina masa ɗakin dutse mai murhu a bango, ya koma can, ya ce ni da Salihu mu koma taragon mu riƙa gadin kayan aiki. Muka yi ta godiya, muna cewa mun samu ɗakin Bature. Ba mu tambayi kanmu abin da ya kori mai shi daga cikinsa ba. Kai ma ba ka tambayi Tanko ba.

Kai ɗan Zariya ne, abin da kake kira sanyi shi ne ka ƙara mayafi da asuba. Sanyin can daban ne. Ƙasar tana bisa, fili ne fetal ba itace, sai duwatsu, iska ba ta da abin da zai tare ta. Na ga ranar da muka tashi ruwan da ke cikin kwano a waje ya yi ɓawo kamar kwalba. Na ga lebura ƙato ya kasa riƙe shebur da safe saboda yatsunsa sun ƙage. Taragon kuwa bangonsa kwano ne a waje, siririn katako a ciki, tsakaninsu babu komai. Da rana ya ɗau zafi kamar tanda, rana tana faɗuwa ya saki duka. Cikinsa ya fi waje sanyi.

Kuskurena na farko, na ɗauka abin da ke ɗumama jiki shi zai ɗumama ɗaki. Na sayo auduga a hannun wasu fatake, na ɓamɓare katakon ciki, muka cusa ta dam a jikin kwanon, na mayar da katakon. Kwanaki kaɗan muka ji daɗi. Daga nan ɗakin ya fara wari irin na rigar da aka naɗe ba ta bushe ba. Salihu ya kama tari. Da na sake ɓamɓare katakon sai na tarar audugar ta jiƙe sharkaf, ta yi baƙi, ta zame ta taru a ƙasa, katakon da ke ƙarƙashinta ya fara ruɓewa. Ga shi ba a yi ruwan sama ba ko sau ɗaya. Salihu ya ce, "Yaya, to ruwan nan daga ina?" Ban gano ba sai da na tashi wata safiya na shafa kwanon daga ciki, na ji shi jiƙe kamar goshin mai zazzaɓi. Numfashinmu ne da tururin tukunyarmu. Duk abin da ya tashi ya taɓa kwano mai sanyi ruwa yake komawa. Tanko ya ce maka ruwa ba ya shiga. To ba shiga yake yi ba, a ciki ake haifarsa.

Saboda haka kada ka sa audugar gona. Ka nemi audugar rimi, wadda masu katifa ke amfani da ita, ga ta nan birjik a Zariya, ita ba ta shan ruwa kamar waccan. Kada kuma ka cusa ta haka nan. A zuba ta cikin buhuna, a ɗinke su layi-layi kamar bargon doki, don kada ta zame ta bar sama tsirara. Kafin ka jera buhunan ka kafa siraran katako a jikin bangon, yadda za a samu rata kamar faɗin yatsa biyu tsakanin kwano da buhu. Gumin kwanon sai ya gangara ta wannan ratar, ka huda masa 'yan ƙananan ramuka a gindin bango ya fita. A kan buhunan ka rufe da tabarmar kaba mai ƙaramar saƙa. Rufin ya fi bango bukata, can ka ninka. Kuma ka lura da ƙarafan da ke riƙe da bangon, waɗanda suke kamar haƙarƙari. Ni na bar su a fili, kowace safiya suna ɗiga a kan shimfiɗarmu, har kan kowace ƙusa da ta taɓa kwano sai ka ga ɗigo a rataye. Ka rufe su da katako. In rana ta yi kyau ka sauke buhunan ka shanya. Aiki ne, na sani. Wanda ba ya son wannan aikin sai ya zauna gida.

Audugar rimi tana da hali ɗaya da za ka ji tsoro. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kada fitila ta kusanci bango, ka rataye ta a tsakiya. Kananzir ɗinka na sayarwa kuwa ya kwana a bayan mota, can nesa, kada ko gwangwani ɗaya ya shiga inda jaririya take.

Kuskurena na biyu shi ne ƙasa. Na gama bango da rufi, ina jin kaina gwani, amma muna kwana ƙafafunmu kamar an tsoma su a rafi. Na yi ta neman ɓaraka a sama, ashe daga ƙarƙashi abin yake zuwa. Ɗakin da aka gina a ƙasa, ƙasar tana riƙe masa ɗumi. Wannan a kan ƙafafu yake tsaye, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa dare da rana tana kwashe duk abin da ka tara. Da na gane, sai na yi wani sabon shirme, na zuba ƙaiƙayin dawa a ƙarƙashin daɓen katakon. Ɓerayen ƙasar nan gaba ɗaya suka tare a wurinmu. Suka cinye garinmu, suka huda buhunan bango, ɗaya ya ciji Salihu a yatsa. Shi yana dariya yana cewa mun yi baƙi, ni kuwa ban ga abin dariya ba, don sai da muka kwashe komai muka sake daga farko.

Ga yadda za ka yi. Duk inda kuka yada zango, kafin a sauke tukunya, ka juya bayan taragon ga inda iska ke fitowa, ƙofar ta kalli inda rana ke faɗuwa. Ka kewaye ƙarƙashinsa da zana har ƙasa, ka danne gindinta da duwatsu, kada ka bar inda iska za ta kutsa. A ciki ka shimfiɗa buhunan rimi, ka ɗora katako a kansu, sannan tabarma, sannan buzun tumaki. Kada ka sa wani abu da ɓera zai ci. Kada Rakiya da yarinya su kwanta a ƙasa, ka yi musu gado mai ɗan tsayi, ka janye shi daga jikin bango. Ka kuma duba kusurwar baya ta hannun hagu. Nan ne audugata ta ruɓar da katako, na yi masa faci da abin da na samu a daji. Ranar da ka kawo shi na ga an cike wurin da wani abu an bi da fenti. Ka sa tsinin wuƙa ka danna, za ka ga abin da Tanko ya sayar maka. Mutumin nan ya san ni, ya san na yi aiki a dutse, muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Da yana da tsoron Allah da ya ce maka ka je ka tambayi ubanka. Bai faɗa ba don ya san abin da zan ce.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗancan kurakuran asarar auduga ce da gari. Wannan ba haka ba ne.

Bayan bango da ƙasa sun yi daidai, sai na bi ɓaraka. Na bi kowace tsaga da tsumma da ƙaro na liƙe. Na kewaye ƙyauren ƙofa da fata yadda in an rufe ko zare ba ya wucewa. Tagar nan guda ɗaya na yi mata murfin katako mai buhu a bayansa. Ɗakin ya yi ɗumi har leburori suna zuwa kallo. Muka samu kasko muna zuba garwashin gawayi muna shiga da shi, ba hayaƙi, ba ƙauri, sai ɗumi mai daɗi. Amma muka fara tashi da ciwon kai, jiki a mace, wani lokaci da tashin zuciya. Salihu ya ce ruwan ƙasar ne bai karɓe mu ba. Ni kuwa na lura duk ranar da na manta ban ja murfin tagar sosai ba, muna tashi garau. Ban san sunan abin ba, amma na gane ɗakin yana bukatar ya yi numfashi kamar yadda mutum yake yi.

Na je na sami Mai Lofe a ƙofar ɗakinsa na dutse, hayaƙi yana fita ta bututun murhunsa. Yana jin Hausa irin ta bariki. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in huda rufin tarago, rami ƙarami kamar bakin moɗa, in yi masa hula don ruwa. Wuta tana sa mu ciwon kai."

Ya cire lofen ya ce, "Babu huda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarami ne. In za a sayar zan toshe, ba mai ganewa."

Ya ce, "Wannan kaya na Ingila ne. Kai kafinta na katako. Ka taɓa kwano, ka tafi gida." Ya mayar da lofen bakinsa.

Na tashi na tafi. Ina da iyali a Zariya, ina tsoron a kore ni. Sai na ce wa Salihu mu riƙa barin tagar a ɗage kaɗan, mu kuma fitar da kaskon kafin mu kwanta. Ya ce to. Muka yi haka, ciwon kan ya tafi, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wasu kwanaki Mai Lofe ya aike ni Bukuru in zaɓo katako a tasha. Sansaninmu yana da nisa, dole in kwana can. A wannan ranar aka yi sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, har a Bukuru mutane suka kasa fita sallar asuba. Washegari da hantsi na iso sansani, na tarar leburori suna aiki, amma ban ga Salihu a wurin zarto ba. Na tambaya aka ce ba a gan shi ba tun jiya, Bature ma yana ta faɗa ya ce a yanke masa ladan yini. Na nufi taragon. Ƙofa a rufe ta ciki. Murfin taga a ja gam. Na buga, na kira sunansa, shiru. Na ɗauko guduma na fasa ƙyauren da ni na liƙe shi da hannuna.

Yana kwance a kan buzu, ya ja bargo har wuya, fuskarsa lafiya lau kamar zai buɗe ido ya yi mini tsiya. Kaskon yana kusa da ƙafafunsa, gawayin ya cinye ya zama farin toka. Ɗakin da sauran ɗumi. Shi kuwa ya riga ya yi sanyi.

Sanyi ya matsa masa, ya ja tagar, ya bar wutar a ciki. Abin da kowa zai yi ke nan in yana rawar ɗari shi kaɗai. Kai ma za ka yi, Rakiya ma za ta yi in ta ji hannun 'yarta ya yi sanyi. Shi ya sa ba a barin ran mutum a kan taga da ake iya rufewa.

Mai Lofe ya zo ya leƙa daga bakin ƙofa, bai shiga ba. Ka san abin da ya fara dubawa? Ƙyauren. Ya shafa inda gudumata ta fasa, ya ce wa zai gyara wannan. Sannan ya ce wataƙila yaron ya sha wani abu ne a ƙauye. Salihu, wanda ko taba bai taɓa sa wa bakinsa ba. Ya ce a ba ni mutum biyu mu binne shi, sauran su koma rami. Amma duk Musulmin da ke sansanin suka ajiye shebur suka biyo mu, ba wanda ya nemi izninsa. Ƙasar dutse ce, sai da muka haƙa wuri uku kafin mu samu inda diga ke shiga. Da muka gama na ɗaure kayan aikina na kama hanyar tasha, ban yi masa sallama ba. Ni na je na gaya wa tsohuwarmu. Ni na je gidan yarinyar da zai aura. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma in na tuna mutumin nan yana shafa ƙyaure, har yau sai in ajiye abin da ke hannuna.

Na san kwana ya ƙare ne, ba wanda ke wuce ranarsa, na kuma yarda da hukuncin Allah. Amma Allah bai ce a rufe mutum cikin akwati da garwashi ba. Darasin da na ɗauka shi ne, in ka ga abin da zai kashe mutum, ba a zuwa neman izni a durƙushe. Da na huda rufin nan a ranar, iyaka a kore ni.

To ka ji. Ɗakin da aka liƙe ko'ina kabari ne. Dole a samu rami biyu da ba a toshewa ko ana ƙanƙara, ɗaya a sama inda gurɓatacciyar iska za ta fita, ɗaya a ƙasa kusa da ƙofa inda sabuwa za ta shigo. Za ku rasa ɗan ɗumi ta nan, ku haƙura da shi. Ko da ramukan, kada garwashi ya shiga taragon nan, ko na ɗan lokaci, ko don a gasa wa yarinya jiki bayan wanka. A yi wuta a waje, a yi girki a waje. In kuna son ɗumi ku sa duwatsu cikin wutar tun da yamma, in sun yi zafi a naɗe su da tsohon gwado a shiga da su a ajiye a kasko a ƙarƙashin gado, suna kaiwa har safe. Ka ɗebi busassun duwatsu na tudu, na rafi suna fashewa a wuta. Da hantsi a buɗe ƙofa da taga ɗakin ya sha iska, a fitar da shimfiɗa rana. In ɗayanku ya ji kansa yana sarawa, ko kuka ga harshen fitila yana ƙanƙancewa ba dalili, ko yarinya ta yi barcin da ba ta farkawa neman nono, ku fita waje nan take ko da ba mayafi. Kuma in Rakiya ta ce a buɗe ƙofa, a buɗe. Kada ka yi mata irin abin da ka yi mini a gaban maƙwabta.

Innarka kuwa, ka san halinta. Tun ranar ta farke katifarta ta aure ta zazzage rimin da ke ciki, ta bi gidajen ƙawayenta har Gyallesu tana karɓo tsofaffin matasan kai. Ita da matan gidan nan suna ta ɗinkin buhuna, yatsunta duk sun huje. Na ce mata yaron da bai tambaya ba ake yi wa wannan wahala? Ta ce ba don shi take yi ba. Buhunan suna nan jibge a zaure. Ka aiko a ɗauka, ko ka zo da kanka in ƙafarka ba ta manta hanya ba.

Saura abu ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Jiya, da na ji ka tafi Kano sarin kaya, na ɗauki kurfi da guduma da almakashin kwano na tafi filin makanikin da ka ajiye taragon, can wajen tasha. Na tarar da Rakiya ta zo tana share cikinsa, yarinya a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ga kayan da ke hannuna, ta ce, "Baba, lafiya?" Na zauna a kan matakin na gaya mata abin da na gaya maka a takardar nan, ban rage komai ba. Ta ji ni har ƙarshe. Sannan ta kwance goyon ta gyara shi, ta ɗaure sosai, ta je ta jawo tsanin makanikin ta jingina a bango. Ta ce, "Ku hau, Baba, zan riƙe muku."

Na hau da gwiwoyin nan nawa da ka sani. Na huda rufin, na yi masa hula da gwangwani, na sauko na huda na ƙasa na sa masa raga don ɓera. Kwanon ya yi laushi kamar ganye. Kafin yarinyar ta farka a bayan uwarta, na gama duka biyun. Na zauna a ƙasa ina kallon ɗan guntun kwanon da na cire, bai cika tafin hannuna ba. Saboda shi aka hana ni. Rakiya ta kawo mini ruwa, na kasa sha.

Taragonka ne, da kuɗinka ka saya, kuma ban nemi izninka ba. Ka yi fushi in ka ga dama, ka daɗe kana yi, zan iya ɗauka. Kada ka ga laifin matarka, ni na sa ta. Amma ban yafe maka ba in ka toshe ramukan nan, ko ina raye ko bayan raina.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku sauka lafiya. Ya tsare ku daga sanyi da wuta da mugun mutum, ya ba ka kasuwa mai albarka, ya raya Safiya ta girma ta san kakanta. Allah ya jiƙan Salihu, ya haskaka kabarinsa a can inda muka bar shi. In kun wuce ta gabas da Bukuru ka tsaya ka yi masa addu'a, ko ba ka gane wurin ba, zai same shi.

Na bar takardar a hannun Rakiya ta ba ka in ka dawo. Aminci ya tabbata a gare ku.

Mahaifinka,
Jibrin kafinta, Tudun Wada.